Mu 'Yan Ɗari Biyar, Me Muka Saya a Wasan Sallah?

Ɗan Autan Inna:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, an yi Sallah lafiya? Wata magana ke cina tun daren wasan da aka yi a filin ƙwallo, kuma tunda waɗanda suka shirya suna cikin zauren nan, gara in faɗa a gabansu da in yi ta gunaguni a teburin mai shayi. Tikiti iri uku aka yanka: naira 500 na tsaye, 2,000 na kujerar roba, 20,000 na tebur a ƙarƙashin rumfa. Na ɗari biyar na yanka, shi ne daidai aljihuna. Ban ce a ba ni kujera ba, ban ce a miƙo mini lemo ba. Amma an kafa dandamali a tsakiyar fili yana kallon rumfa, aka ja igiya aka tara mu a bayansa wajen ragar gabas. Sifiku huɗu ne, duk huɗun rumfa suke kallo. Janareta kuwa a gefenmu aka girke shi. Ƙarar inji muka sha da hayaƙi, mawaƙin kuma ƙeyarsa da bayan babbar rigarsa muka kalla har aka tashi. Shi ne nake tambaya, ɗari biyar ɗin nan me muka saya da ita?

Ɗan Acaɓan Tasha:
Wallahi ka riga ni ne kawai. Ni ma ina bayan igiyar. Wani yaro da bai fi shekara 12 ba ya sunkuya ta ƙarƙashi don ya leƙa gaba, ɗan sintiri ya tsula masa dorina a gadon baya. Yaron da tikitinsa a hannu, bai ma yar ba.

Maman Hanifa:
Innalillahi. Ɗan gidan waye?

Ɗan Acaɓan Tasha:
Ba zan kama suna ba Hajiya. Daga ƙauyen bayan fadama suka tako a ƙafa, shi da yayyensa.

Alhajin Riɗi:
Samari ku yi haƙuri in sa baki. Ina cikin waɗanda suka zauna a tebur, ba na ɓoyewa. Dukan yaro ban goyi baya ba, wanda ya yi bai kyauta ba. Amma zancen gaba da baya, ina ne babu shi? Motar Kano in ka ce kai kaɗai za ka zauna gidan gaba, kuɗin mutum biyu za ka biya, ba kuma wanda zai ce direba azzalumi ne. Na biya 20,000, abin da na liƙa ya fi haka. Mai ɗari biyar ya ce sai ya ga abin da na gani, wannan ai ba adalci yake nema ba.

Ɗan Autan Inna:
Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ba mai yi maka hassada. Amma wanda ya zauna bayan mota ai ana kai shi Kano. Mu ba a kai mu ko'ina ba.

Sakataren Matasa:
Wa alaikumus salam. Na ga ana ta kirana a gefe, to ga ni. Ɗan Auta, ƙanina, bari in buɗe maka littafin don kar a ɗauka wani abu muka cusa a aljihu. Mawaƙin nan kafin ya yarda ya baro Kano da yaransa sai da muka tura masa 350,000. Kayan sauti haya muka ɗauko, 80,000. Janareta da mansa 70,000, kuma kowa ya san tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ba ta sake waiwayar nan ba. Rumfa, kujeru, zanar da muka kewaye fili da sallamar 'yan sintiri sun ci 70,000. Ka tara, 570,000 ke nan. Abin da ya shigo kuma: tebur 15 sun kawo 300,000, kujeru 60 sun kawo 120,000, ku 'yan tsaye da kuka biya kun kai 300, wato 150,000. Waɗanda suka ɓarka zana suka shigo ba mu ƙirga su ba. Ko kwabo bai ragu ba, ruwan da mu 'yan kwamiti muka sha ma daga aljihunmu ne. To ka gaya mini, in ba don teburan nan ba, wane mawaƙi ne zai tako garin nan? Mutumin da ya ɗauke fiye da rabin nauyi dole a kyautata masa. In bai ji daɗi ba baɗi ba zai zo ba, kai ma ka rasa wanda za ka kalli ƙeyarsa.

Malamin Firamare:
Sakatare sannu da ƙoƙari, kuma madalla da ka kawo lissafi, don da lissafin naka zan kama ka. 150,000 cikin 570,000 ya ɗan haura kashi 1 cikin 4. Sifiku nawa ne? Huɗu. Ke nan ko an ajiye tausayi da zumunci gefe an auna da kuɗi zalla, sifika ɗaya ta 'yan tsaye ce, da kuɗinsu aka ɗauko ta. Ina aka kai musu ita?

Ɗan Acaɓan Tasha:
Allah ya biya Malam. A rufe zaure haka nan mu tafi gida.

Sakataren Matasa:
Mai kayan sauti ne ya jera kayansa, ya ce wayarsa ba za ta kai baya ba.

Ɗan Autan Inna:
Yaya Sakatare, akwai saura. Tebur 15 ka ce. Ni tunda ba waƙa nake ji ba, kuma rumfar nake fuskanta, teburan na tsaya ƙirgawa. 19 ne. Huɗun su waye?

Sakataren Matasa:
Manyan baƙi ne. Dagaci, wakilin hakimi, kansila da jama'arsa, sai jami'an tsaro. Kai in kai ne za ka tare dagaci a ƙofa ka ce ranka ya daɗe ina tikiti? Su suka ba mu izinin filin. In ransu ya ɓaci, ko kalangu ɗaya ba za a sake bugawa a wurin nan ba.

Ɗan Autan Inna:
Ashe ba kashi uku muke ba, huɗu ne. Akwai wanda bai biya sisi ba kuma shi ne a gaban kowa.

Kawu Mai Goro:
Yaro, ka cire dagaci daga wannan lissafi. Uban ƙasa ne, shimfiɗarsa ba sayenta yake ba, haka muka taras. Amma samarin nan kusan ashirin da suka biyo kansila suka cika kujerun mutane, waɗannan kam ban san a wane littafi aka rubuta su ba.

Bari in ba ku labarin yadda muka san kiɗa, tun muna jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. A dandali ake yi, ba zana ba igiya. Gaba akwai ta, kar wani ya ce muku babu. Dagaci na kan dardumarsa, dattawa a tabarma, mu samari a tsaye, 'yanmata gefe guda. Amma da'ira ake yi, makaɗi na tsakiya yana zagayawa, duk inda ka tsaya zai zo ya wuce ta gabanka. Kuma ba wanda ya karɓi kuɗina a ƙofa, don ƙofar ma babu. Mai hali ya yi kari, mara hali ya yi tafi, kowa ya ji da kunnensa.

Abin da na fi so ku gane shi ne wa ake yi wa kirari. Lokacin kalankuwa bayan an gama girbi, makaɗan noma ba aljihu suke dubawa ba. Wanda ya fi kowa dami, wanda ranar gayya ya riga kowa fitar da kunyar noma, shi ake kira. Na ga mutumin da rigarsa ɗaya tak, an buga takensa ya fito tsakiyar fili yana tsuma, masu shanu na zaune suna kallo. A dambe ma haka, ai yawanci 'ya'yan mahauta ne, amma in ganga ta kira mutum ranar nan garin nasa ne. Ɗan Anace da ya yi ta wasa Shago, attajiri ne Shagon? Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa har karen mota ya yi wa waƙa. Namu na nan Haɗeja, Haruna Uji, da gurminsa, 'yan tasha sun san nasu ne. Yanzu mawaƙi ya zo garin manoma ya kwana yana kiran sunaye, bai ambaci manomi ko ɗaya ba.

Ɗalibin Dutse:
Kawu, Allah ya ƙara girma, amma kar a zuba wa da zuma fiye da kima. Kiɗan Hausa tun asali da matakinsa. Tambari da kakaki na sarki ne, ba a taɓa busa wa talaka kakaki ba komai yawan daminsa. Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi, Ɗanƙwairo sarakuna da manya ya yi wa. Shata kansa, da duk duniya ta yarda da shi har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, da yawan waƙoƙinsa na waɗanda suka ba shi doki ne ko mota. Zamanin da kake yabo shi ne zamanin da talaka ke tuɓe takalmi tun daga nesa ya faɗi ya yi gaisuwa, shi ya sa aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950 su Malam Aminu Kano suka yi ta fama. Haraji da jangali ma sai 1979 Abubakar Rimi ya soke su. Igiyar da Ɗan Auta ya gani ta daɗe, da can a zuciya take, yanzu ce aka sayo ta a kasuwa aka ɗaura.

Kawu Mai Goro:
Ɗana, ban musa maka ba. Harajin da kake karantawa a takarda ni na biya shi. Amma ka amsa mini wannan: in an busa kakaki a ƙofar fada, wa ake hana ji? Ka je hawan Sallah a Ringim ko Gumel ko Kazaure, mai tallan rake da ɗan sarki algaita ɗaya suke ji. Ba a yi don ni ba, na sani, amma ba a sayar mini da komai ba balle in ce an cuce ni. Su waɗannan yara an karɓi kuɗinsu. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Tsohon Direba:
Ni abin da ya ba ni dariya, lokacin da muke kwana Kano da mota muna shiga silima, Plaza a Fagge ko Orion a Ƙofar Wambai, gaba ita ce ta marasa kuɗi. Benci ne, ka ɗaga wuya har ya ƙage. Masu kuɗi na baya a inuwa. Amma majigin ɗaya ne, in an naushi mugu tare muke ihu.

Sanƙiran Zamani:
Salamu alaikum. Ni ne na riƙe makirfo a daren, don haka bari ku ji daga bakin mai ita. Kuna ganin 350,000 kamar wata tsiya ce. Mu sama da goma muka zo: mai fiyano, masu ganga, 'yan amshi, direba, yaran kaya. Cire kuɗin mota zuwa da komawa, cire abinci, a raba saura, abin da kowa zai kai gida ba ya kai cefanen mako. Cinikinmu na gaskiya liƙi ne, kuma liƙi a rumfa yake. Maigidanmu mawaƙin ba ƙin ku yake ba, inda abincinsa yake ya fuskanta.

Kuma ba ku ga abin da ke faruwa a hannuna ba. Tun kafin a fara, takardu ke zuwa, kowane tebur da jerin sunaye: Alhaji wane, matarsa, amaryarsa, ɗansa da ke karatu, shagonsa da ke bakin kasuwa. In na tsallake ɗaya, kafin mu kai Gujungu waya ta fara ruri, wai an wulaƙanta shi a gaban jama'a. Waƙar da a kaset minti shida ce sai ta kai rabin awa saboda sunaye. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma aka koyi sabon salo, mutum ya kira ni ya raɗa mini a kunne cewa ya tura 50,000 ta waya, in faɗa. In faɗa, fili ya ɗauki shewa, maigida ya ƙara masa baiti biyu. Wani sa'in alat ya shigo, wani sa'in har yau muna jira.

Amma zan gaya muku wata gaskiya da ba za ta yi wa 'yan rumfa daɗi ba. Wasan nan ya yi sanyi. Maigida da kansa ya faɗa a mota. Mutanen tebur ba sa amshi, ba sa tafi, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar fuskarsa, jira kawai yake a kira sunansa ya tashi ya liƙa ya koma. Masu haddace waƙa daga farko har ƙarshe, masu sa mawaƙi ya ji jininsa ya motsa, su ne aka kai bayan igiya. Su ne kuma masu tura waƙar a waya daga wannan ƙauye zuwa wancan har ta sa a gayyace mu. Da ni aka tambaya, ba haka za a kafa dandamalin ba.

Alhajin Riɗi:
To tunda abin tone-tone ne, ni ma bari in tona. Kuna tsammanin layi na bi na sayi tebur? Har shago aka kawo mini tikitin, 'yan kwamiti mutum uku, ga jama'a a zaune. In ce ba na so, gobe a ce Alhaji ya karye ko ya cika maƙo. Na zauna a gaba kuma in ban tashi na liƙa ba, kai Sanƙira da bakinka za ka fara, "wani ya zo da babbar riga aljihu ba nauyi." Wa bai san habaicinku ba? Na fita daren nan da kuɗin buhun taki biyu ban dawo da ko ɗaya ba, waƙar kuma da sifika a kan kunnena, har gobe kunnen hagu na ƙara. Kujerar gaba ma haraji ce.

Sanƙiran Zamani:
Alhajina, uban tafiya, ai kai ba ka taɓa bari an kai ga habaici ba. Amma tunda ana zancen wa ke sama wa ke ƙasa, ku tuna da mu. Duk wanda ya biya 20,000 don ya zauna kusa da mu, in na aiko neman auren 'yarsa gobe, abin da za a fara cewa shi ne "maroƙi ne fa." Daren wasa mu ne taurari, gari na wayewa mun koma inda aka ajiye kakanninmu.

Alhajin Riɗi:
Kai dai Sanƙira a bar wannan zance, 'ya'yana mata duk suna firamare.

Maman Hanifa:
Kun yi ta magana tun ɗazu, maza da maza, ba wanda ya tambayi ina aka ajiye mata. Matan masu tebur na rumfa da mazajensu, Allah ya ƙara. Sauranmu tabarma aka shimfiɗa mana can kudu inda ko ƙwan fitila ɗaya ba a ja ba, ga samari na ta giftawa. Kuɗin kuwa ɗaya muka biya da maza. Ni da na ga haka ban kai ƙarfe goma ba na kwashe 'yanmatan gidanmu muka fito.

Wanda ya fi ci mini rai 'yan talla ne. Yaran nan masu gyaɗa da awara da dafaffen ƙwai, an karɓi 200 a hannun kowacce kafin ta shiga da farantinta. Da suka nufi rumfa, inda masu sayen suke, aka kore su wai suna tare wa manya gani, an riga an ba wani mai lemo da nama wurin. 'Yar maƙwabciyata ta dawo da awararta fiye da rabi, uwar ta zauna lissafin waken da ta ci bashi. Sakatare, 200 ɗin nan ban gan ta a littafinka ba.

Sakataren Matasa:
Hajiya, wannan masu tsaron ƙofa ne, zan bincika.

Gwaggon Yara:
Maman Hanifa, ai mu mata ma ba mu tsira ba a namu. Da in ana biki kiɗan ƙwarya ake yi a cikin gida, ko a ɗauko masu amada irin su marigayiya Barmani Coge, kowace mace ta ɗaura ɗankwali ta shiga fili, mai zinare da mai roba. Yanzu ɗan'uwanka na birni zai aurar da 'ya, ka ɗauki kwanon gero da kaji ka kai gudummawa, daren dina a ce da kati ake shiga, ku 'yan gida ku zauna ku huta. Waɗanda suka yi wa uwar amarya wankan jego suna tsakar gida, ƙawayen ofis na can ana yi musu waƙa. Sannan a ware rana guda a sa irin kayanmu, a ɗauki ƙwarya da faifai ana kwaikwayon maganarmu ana dariya, wai ranar ƙauyawa. Da na ji hukumar tace fina-finai ta Kano ta hana shi a 2025, ko ba don dalilina suka hana ba, na ce madalla.

Alaramma na Tsangaya:
Ni ba na zuwa irin waɗannan wurare, kuma kun san ra'ayina a kansu, ba zan maimaita ba. Amma tunda ciniki aka yi, hukuncin ciniki ya hau. Wanda ya karɓi kuɗin mutum a kan zai ji waƙa, ya ajiye shi inda ba zai ji ba, ya tauye mudu, kuma sura guda aka saukar a kan masu tauye mudu. Ƙanƙantar kuɗin ba ta sauke haƙƙi. Wanda ya daki yaron nan kuma ya je ya nemi yafiya tun suna duniya.

Ɗan Autan Inna:
Allah gafarta Malam, mun gode.

Malamin Firamare:
Wani abu kuma da ba a taɓo ba. Liƙin da ake juya dandamali saboda shi, doka ta hana. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, sashe na 21, watsa naira ko taka ta a wurin biki laifi ne, ɗaurin wata 6 ko tarar 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 an ga waɗanda EFCC ta kai kotu a kai. Ban kawo don in tsorata Alhaji ba. Abin lura shi ne a daren nan an karya dokar ƙasa a gaban teburin jami'an tsaro ba wanda ya ɗaga kai, yaron da ya karya dokar igiya shi ya sha dorina.

Alhajin Riɗi:
Malam, ni a hannu nake miƙawa, ba na watsawa. A rubuta wannan.

Ɗalibin Dutse:
To kar a tashi ba a tsayar da komai ba, Babbar Sallah saura wata biyu. Ni ban ce a soke tebur ba, lissafin Sakatare ya nuna ba za a iya ba. A mayar da dandamali ƙarshen fili, jikin ragar yamma, kowa ya fuskanci wuri ɗaya. Rumfa ta koma gefe biyu, dama da hagu, tsakiya a bar wa 'yan tsaye. Haka masu tebur na kusa da mawaƙi, sun ga kowa kowa ya gan su, wanda dama shi suka biya, mu kuma ba a tare mana ba. Sifika ɗaya a ɗaga ta a kan turke a tsakiyar jama'a. Janareta a kai shi bayan zana. Wajen mata a ja musu wuta.

Mai Gyaran Rediyo:
Zancen waya ba ta kai ba, wannan uzuri ne kawai. Nadi ɗaya na waya mai kauri ya isa a kai sifika tsakiya, na janareta ma haka. A ba ni aikin, kuɗin hannu na yafe, a sayo wayar kawai. Amma a sayo ta gaske, ba irin mai laushin nan da ke zafi ta narke ba.

Alhajin Riɗi:
Wayar a kaina. Amma tsakiya a bar wa 'yan tsaye ban yarda ba. Ƙurar da samarin nan ke tayarwa in sun fara rawa, wa zai zauna da farar shadda a gefensu?

Ɗan Acaɓan Tasha:
A yayyafa ruwa Alhaji. 'Yan garuwa biyu sun isa.

Ɗan Autan Inna:
Ni sharaɗina ɗaya na ƙara. A sa a yarjejeniya da mawaƙi, awa ɗaya ta farko waƙa zalla, ba kiran suna. Bayan nan ya kira har kakannin kowa.

Sanƙiran Zamani:
Awa ɗaya ba mai yarda, ƙanina, kar in yaudare ka. Masu tebur da yawa ƙarfe goma sha ɗaya suke tashi, in ba a kama su da wuri ba sun tafi da kuɗinsu. Waƙa uku a jere ba suna, wannan zan iya shawo kan maigida. Kuma in kuna so a kira naku, ku haɗa ɗari-ɗari ku aiko da sunan ƙungiya, 'yan acaɓa ko manoman fadama. Mutum 300 in suka haɗa sun fi tebur guda.

Kawu Mai Goro:
Ka ji, an dawo wajen kuɗi. Sun biya a ƙofa, su sake biya a kira su.

Ɗalibin Dutse:
Teburan kyauta fa? Dagaci da wakilin hakimi mun ji. Kansila albashi yake ɗauka, ya sayi nasa kamar Alhaji, in ya zo da mutum ashirin ya yanka musu tikiti ashirin.

Sakataren Matasa:
Wannan kai za ka je ka gaya masa, ni ina da sauran zama a garin nan. Sauran maganganun na rubuta, kwamiti zai zauna Juma'a bayan la'asar a ƙofar gidan shugaba, duk mai so ya zo. Amma in faɗa tun yanzu, mayar da kuɗin tikiti ba zai yiwu ba, babu su. Ɗan Acaɓa, ka zo da yayan yaron nan. Hajiya, na 'yan talla in an gano wanda ya karɓa zai dawo da su.

Maman Hanifa:
Ba sai an gano ba, yaran sun san fuskarsa. Zan turo su su takwas da farantansu.

Sanƙiran Zamani:
Kafin a watse. Bawan Allahn da ya sa na shelanta 50,000 a daren nan, har maigida ya yi masa baiti biyu da na mahaifiyarsa, yana cikin zauren nan, ina ganin yana karantawa. Lambar asusun ba ta canza ba.

Alhajin Riɗi:
Jama'a ku shaida ba ni ba ne. Nawa a hannu na bayar, Malamin Firamare ya rubuta.